'Yar Durgu Ta Je Ganin Gida Cikin Sanyi

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga gidan Gwaggo, tun kafin in gan ta, tarkon kifi ne a kife a tsakar gida. 'Yan tsaki suna shiga ta ramukan saƙarsa suna fita, manyan kaji kuma suna zagaya shi suna leƙe, kamar waɗanda aka hana shiga gidan biki. Na tsaya da kwando a hannu ina kallo har yayana ya ce in ba shi hanya. Amma bari in koma farko, don ku da kuka tambaye ni inda na yi hutun nan ku san abin da ya kai ni.

Ina da kaza guda ɗaya a gidanmu na Yelwa. 'Yar Durgu muke ce mata, saboda ƙafafunta gajeru ne, in tana tafiya sai ka ce cikinta yana shara. Gwaggo, yayar Baba, ita ta ba ni ita tana ƙarama. Bara ta yi ƙyanƙyasa cikin sanyi, 'ya'yan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ta koma yawo ita kaɗai. Bana ma ba ta yi hankali ba, sai da sanyi ya kankama ta fito min da guda bakwai. Kafin a ba mu hutu ɗaya ya tafi. Inna ta same ni tsugune a bakin akurki, ta dube ni ta ce:

"In waɗanga ma sun mutu, kazar nan tukunya za ta shiga. Na gaji da ganin idonki ja kullum safiya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa na san da gaske take. Da Baba ya ce yayana zai kai wa Gwaggo saƙo can tungarsu, wani ɗan ƙauyen masunta a bakin ruwa cikin ƙasar Ngaski, kuma in raka shi, sai na wanke tsohon kwandon tumatir na shimfiɗa tsumma a ciki. Na ɗauko 'Yar Durgu da 'ya'yanta na sa su, ko Gwaggo za ta san abin yi. Da suka gan ni da kwandon suka gane.

Mun bar gida ana fitowa daga sallar asuba. Sanyin ranar irin mai shiga farce ne. A tasha mutane sun kewaye wutar mai shayi, kowa ya miƙa tafin hannu, masu babur sun naɗe kai da rawani har ido kawai ake gani. Mun sayi ƙosai mai zafi, ni dai nawa ban ci nan take ba, na riƙe ledar a jikin kwandon don ɗumin ya shiga. Direba ya leƙa ya ga kaza, ya ce ita ma fasinja ce, sai an biya mata. Yayana ya ce ai a cinyata za ta zauna. Suna cikin ja-in-ja wata mata da ta taso daga Shanga da buhun busasshiyar kuɓewa ta sa baki, ta tambayi direban ko mai goyo ma yana karɓar kuɗin jaririnta. Aka yi dariya, ya ƙyale mu. Ni ban ɗaga kai ba har muka fita gari.

Hanyar da farko tana da kyau, daga baya ta zama sai addu'a. Duk ramin da muka faɗa, 'yan tsakin su yi cui gaba ɗaya, uwar ta yi musu wani gurnani ƙasa-ƙasa. Wajen Birnin Yauri na ga burbushin tsohuwar ganuwa, awaki suna kwance a kai suna jiran rana. Gaba kaɗan gonakin albasa ne kore shar a fadama, mutane suna ban ruwa da ƙafa a cikin laka duk da sanyin nan. Na ga matan Kambari suna tafiya kasuwa a jere, kayansu a kafaɗa, ba a ka ba kamar namu. Ɗaya tana ɗauke da ƙwarya babba a kafaɗar hagu, tana cin rake da hannun dama, ko tangal ba ta yi. Matar Shanga ta ba ni gyaɗa, ta tambaye ni sunan kazar. Na faɗa a hankali, ba ta ji ba, yayana ya maimaita mata da ƙarfi har na gaban mota suka juyo.

Mun isa Wara rana ta ɗaga. Warin kifi ne ya tare mu tun kafin mu ga ruwa. A bakin gaɓa akwai masu suyar karfasa, da masu banda, da tulin wani ɗan mitsitsin busasshen kifi fari-fari da ake aunawa da mudu. Warangi ke nan, wanda Inna take dakawa a miyar kuka. Yayana ya tambayi kuɗinsa ya riƙe baki, ya ce na Yelwa ashe rabinsa kuɗin mota ne. Daga nan jirgi mai inji muka shiga. An ba ni rigar ruwa da ta kai min gwiwa. Da jirgin ya ɗauki gudu, iska ta taso daga kan ruwa, feshi yana dukan gefen fuskata kamar ana watsa min tsakuwa. Na rufe kwandon da mayafina. Can na lura kukan ya ragu. Na ɗaga gefe na leƙa: biyar sun shige ƙarƙashin uwar, amma wani ɗan baƙi a cikinsu, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, yana gefe ya saki fukafukai, idonsa a lumshe. Haka na bara suke yi kafin su tafi. Na ɗauke shi na sa cikin rigar sanyina, a jikin ƙirjina, na riƙe shi da hannu ɗaya har muka sauka. Tsibirai da tsuntsayen da yayana yake ta nuna min, gaskiya rabi na gani.

To, shi ne muka shiga gidan na ga tarkon kifin nan.

Gwaggo ta fito daga madafa tana goge hannu, gajera, mai saurin magana. Ta rungume ni, ta ji abu yana motsi a ƙirjina, ta ja baya. Da ta ga abin da ke kwandon, sai fuskarta ta canja. Ta ce kada in ajiye shi a tsakar gida. Lokacin sanyi lokacin ciwon kaji ne, in ya shiga gari sai ya share akurki, saboda haka baƙuwar kaza ba ta haɗuwa da nata. Yayana ya ce ai nan gidan aka ƙyanƙyashe ta.

"Ko ɗiyar gida ce, in ta sha ruwan wani gari cikin ɗari, baƙuwa ce," in ji Gwaggo. "Ta zamna madafa, ta ci albarkacin murhu."

Haka 'Yar Durgu ta zo ganin gida aka hana ta gaisawa da danginta. An yi mata wuri a lungun madafa, aka zuba ƙaiƙayin shinkafa mai kauri a ƙasa. Gwaggo ta karɓi ɗan baƙin, ta hura masa iska a ka, ta tsoma bakinsa a ruwa mai ɗumi, ta ajiye shi kusa da dutsen murhu. Ta tambaye ni abin da nake ba su. Kafin in buɗe baki, yayana ya amsa: dusa da tsaki, da sassafe kafin in tafi makaranta, sannan in buɗe su. Gwaggo ta ce to. Ta ce gobe in tashi da wuri, ba don in yi komai ba, don in kalla.

Washegari na fito na tarar da ruwa yana tururi tun daga gaɓa har inda ido ya tsaya, sai ka ce an ɗora tafkin a wuta. Raɓa ta jiƙa ciyawa. A duk tungar babu kaza ko ɗaya a waje. Daga akurkin Gwaggo ana ta ƙorafi, zakara yana cara a ciki kamar mai neman beli, ita kuwa ko a jikinta. Ta dama kunu, ta ba mu, ta share gida. Na riƙa kallonta ina kallon akurkin. Ta gane, ta nuna min rumbu da haɓa. Ta ce sai rana ta sauko daga jinkarsa ta taɓa gindinsa, sannan ƙasa ta saki sanyi. Babbar kaza tana iya jurewa, amma ɗan tsako cikinsa a ƙasa yake, raɓa ɗaya ta ishe shi. Balle na Durgu, da uwarsu ma da ƙyar ta rabu da ƙasa.

Da ranar ta kai inda take so, ta ɗauko tukunyar kunun, ta zuba ruwa ta ɗauraye ta a kan sauran garwashi, ta juye ruwan mai ɗumi a kan dusa a cikin kasko. Ta sa ɗan yatsa ta gwada, irin yadda ake gwada ruwan wankan jariri. Sannan ta buɗe wata tsohuwar randa ta ɗebo wani gari mai ruwan toka, mai ƙarnin kifi, ta barbaɗa ta cakuɗa. Ta ɗaga tarkon kifin, wanda suke kira gura, ta sa kaskon a ƙarƙashi, ta mayar ta kife. Da aka buɗe akurki manyan suka yi kan hatsin da ta watsa musu nesa, ƙananan kuma suka bi ta ramuka suka ci nasu babu mai tsattsage musu kai. Nawa a madafa aka kai musu rabonsu. Ɗan baƙin ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya sara sau ɗaya, ya tsaya kamar yana tunani, ya sake sara.

Garin nan ashe ba saye ake yi ba. A bayan tungar, a kan rairayi, akwai ragogi da aka ɗaure kan sanduna, a nan ake shanya warangi. In ya bushe ana kwashewa, kawuna da jela da ɓarɓashi suna zubowa ƙasa. Shi ake sharewa, a tankaɗe yashin, a daka. Masu shanya ba su damu da shi ba, amma akwai ƙa'ida: sai ka roƙa. Wanda ya shara ba da izini ba, ko da ƙura ya kwasa, sunansa ɓarawo, kuma za a daɗe ana faɗa.

Da yake an sami ƙarin baki, randar Gwaggo ta fara ja baya. Ta miƙa min tsintsiya da ƙwarya, ta kwatanta min wata doguwar mata mai ragogi uku, ta ce in je in ce ita ta aiko ni. Na tafi ina maimaita maganar a zuciyata. Na sami matar tana juya kifi, tana yi wa 'ya'yanta magana da Gunganci, murya kamar ta mai kiran jirgi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da Hausa. Na tambayi aiki, ta ce da godiya. Na tambayi sanyi, ta ce lokacinsa ne. Na tambayi yara. Na tambayi gida. Gaisuwa ta ƙare, maganar da na zo da ita ta ƙi fitowa, sai na sake tambayar aiki. Matar ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Yarinya, tsintsiyar ta sayarwa ce?"

Na ce a'a. Na miƙe na dawo gida da ƙwaryata wayam.

Gwaggo ta yi dariya har da tari, yayana kuwa ya samu abin yi, ranar duk wanda ya shigo sai ya tallata masa tsintsiya. Da ta natsu ta kama hannuna muka koma tare. Tun daga nesa ta ɗaga murya ta ce ɗiyar ƙanenta ce ke son shara, matar ta ce ai sai ta shara, me ya hana ta faɗa. Shi ke nan fa. Maganar da ta fi ƙarfina ba ta kai tsawon atishawa ba. A hanyar dawowa, ƙwarya cike a kaina, Gwaggo ta ce:

"Kunya ado ce, ɗiyata. Amma kaza ba ta cin ta."

Sauran kwanakin sun yi min daɗi ƙwarai. Mun ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa har na daina lissafi. Wata Bafulatana tana kawo nono a jirgi, da ƙoren a tsakiya an tokare su da ciyawa. Yayana ya bi masunta jan koma, babbar ragar kama kifi, wata safiya don ya nuna shi ma namiji ne, ya dawo haƙoransa suna haɗuwa, Gwaggo ta zaunar da shi a madafa kusa da 'Yar Durgu. Na so in tambaye shi ko a dama masa dusa, amma a zuci na bar ta. Da yamma nakan zauna a kan wani jirgi da aka kife a gaɓa in kalli rana tana shiga ruwa, fararen tsuntsaye suna wucewa ƙasa-ƙasa a layi, yara suna gasa ƙananan kifi a tsinke.

Abincin yamma na kaji daban yake da na safe. Gab da magariba Gwaggo tana ba su tsabar dawa, ba dusa ba, ƙananan kuma tsaki mai ɗan girma. Ta ce dusa ba ta kwana a ciki, tsaba ce ke raka kaza har asuba tana ɗumama ta. In za su shiga akurki takan cafke wadda ba ta yarda da ita ba, ta taɓa ɗan buhun nan da ke ƙasan wuyanta, kamar mai zaɓen tumatir. In ta ji shi fayau sai ta ware ta ta ƙara mata. Ta koya min a kan nawa. Na ɗan baƙin da farko kamar babu komai, daga baya na fara jin wani abu kamar ƙwayar gujiya a ƙarƙashin yatsana. Ana gobe za mu tafi, ina tankaɗe a ƙofar madafa, ya zo da gudu ya fizgi kan warangi guda ya arce, 'yan'uwansa biyar suka bi shi, suka yi ta zagaya turmi. Ban san lokacin da na yi dariya da ƙarfi ba, har Gwaggo ta leƙo ta ga ko wata baƙuwa ce ta shigo.

Ranar komawa ta ba ni ƙullin garin warangi a leda biyu, da wata tsohuwar gura da ta huje ta daina kama kifi. A Wara aka ɗaure ta a saman mota. Wani dattijo ya tambaye ni ko a kwatar gidanmu zan yi su, wannan karon na amsa da kaina, na ce ta kaji ce. Bai gane ba, ni ma ban ƙara ba. Mun taso da hantsi, don Gwaggo ta hana mu shiga jirgi sai ruwa ya daina tururi, saboda haka babu wanda ya shiga rigata a hanya.

Mun iso Yelwa bayan la'asar. Inna ta amsa gaisuwarmu, ta tambayi Gwaggo, sannan ta ɗaga mayafin kwandon. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirga. Shida. Ta mayar ta rufe. Da dare na ba ta labarin yadda Gwaggo take yi, da safe kuwa na tarar ta bar min ruwan ɗauraye tukunya a kan garwashi, kuma da na ce mata in an koma makaranta ba zan kai hantsi a gida ba, ta ce ita ma tana da ido, ta san lokacin da rana ke taɓa randa.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa, amma ya ishe ni. A sanyi, ba yawan abinci ne ke riƙe ɗan tsako ba: ya zama da ɗumi, ya zo a kan lokacinsa, kuma a sami inda zai ci babba bai ture shi ba. Wannan duka hannu yana iya yi. Saura guda ɗaya da hannu ba ya yi, sai baki.

Garin Gwaggo ya fara ƙarewa, sanyi kuwa ko alamar tafiya bai yi ba, 'yan tsakin yanzu ne ma suka fara fitar da gashin jela. Na roƙi yayana ya je bakin kasuwa wurin masu warangi ya yi min magana. Ya ce kazar ba tasa ba ce, amma zai raka ni ya tsaya nesa. Ranar kasuwa da yamma muka je, tsintsiya a hammatata, ƙwarya a hannu. Na bi layin sau biyu ina duba fuskoki. Na zaɓi wata dattijuwa da ta fara naɗe buhu, ɓarɓashi fari tas a ƙarƙashin tabarmarta. Na durƙusa. Na gaishe ta sau ɗaya tak, na riƙe sauran gaisuwar kada ta cinye min magana. Ta amsa, ta ce mudu nawa. Na ajiye ƙwaryar a gabanta.

"Inna, ba saye na zo ba. 'Yan tsaki gare ni guda shida. Don Allah, in kin naɗe tabarmarki, ki bar ni in share wurin."